Jar Tuta a Layin da Jirgi Ya Daina Bi

A makarantar mishan da muka yi, ni da ƙanina, wani guntun ƙarfen dogo ne ƙararrawarmu, an rataye shi a reshen mangwaro. Ni idan aka buga sai in gyara zama. Shi kuwa sai ya leƙa taga yana tambayar inda aka yanko ƙarfen. Bai wuce aji huɗu ba. Hedimasta ya gaya wa babanmu cewa yaron ba daƙiƙi ba ne, zama ne ba ya cikin jininsa.

Na zama malami, shi ya shiga aikin jirgin ƙasa, aka ba shi abin da ya dace da ƙafarsa, wato duba layi. Kullum da sassafe zai ɗauki guduma da sifana da jar tuta, ya bi yankinsa a ƙasa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa tangaran, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. A haka sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Guduma.

Aikin yana da doka guda da ba a taka ta. Idan ka tarar da ɓarnar da ta fi ƙarfin sifanarka, za ka kafa jar tuta, ka aika a kira helma da leburorinsa, kai kuma ka zauna a wurin. Ba ka tashi sai an gyara, ko wani ya karɓe ka hannu da hannu. A zamaninsu mutum kan rasa aikinsa a kan wannan, kuma ba mai ba shi haƙuri.

Da ya yi ritaya sai ya tara mu ya ce ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai da komo a yanki ɗaya kamar ƙoshiyar masaƙi, bai taɓa ganin inda layin ya fara ko inda ya ƙare ba. Zai taka shi da ƙafa tun daga kan iyaka har bakin teku, ya buga gudumarsa a kan ƙarfen ƙarshe. Matarsa ta ce a ƙyale shi, in an hana shi ma a tsakar gida zai yi ta zagaye yana hana ta shara. 'Yarsa, wadda take aikin nas, ta saya masa takalmi da waya, ta kuma gargaɗe shi a kan gwiwarsa ta hagu, wadda ta daɗe tana ba shi wahala.

Tafiyar da ya kamata ta ƙare cikin rani ta kai mu damina. Ba rashin sauri ba ne. Mutumin ya tafi da kayan aikinsa, kuma kunnensa bai yi ritaya ba. Duk notin da ya kwance sai ya ɗaure shi. Duk inda ya ji muryar ƙarfe ta dushe sai ya kafa tuta ya zauna, har leburorin yankin su zo, suna gyara suna tsaki. Na sha yi masa faɗa a waya, ya ce in bar shi da abin da ya sani, ni in riƙe allina.

Saura tafiyar yini guda ya isa, sai 'yarsa ta zo gidana ranta a ɓace. Ta ce Baba ya sake zama, kuma wannan karon gwiwar ta kumbura. Idan yana tafiya a hankali tana sakewa, zaman ne ke sandarar da ita. In ya ƙara kwana biyu a haka, sai dai a ɗauko shi a mota, duk wahalar watannin nan ta tashi a banza. Ta ce ni ne yayansa, wataƙila ya ji kunyata.

Muka same shi a bayan gari, tsakanin wani gidan bulo da garejin kanikawa, yana zaune a kan katakon layi, ƙafar a miƙe. Ya rame, takalmin ya buɗe baki. Tutar tana kafe a gefen wata tsaga da za ka iya zura yatsa a ciki. Amma ko makaho ya shafa ƙarfen nan zai san jirgi ya manta da shi. Tsatsa ta cinye samansa, ciyawa ta kai gwiwa, wata mata ta shanya wanki a kai. Kanikawan suka shaida mana cewa tun shekarun baya aka karkatar da jirgi zuwa sabon layi, wannan guntun ba abin da ke binsa sai awaki. Sun gaya wa tsohon, sun ma aika tasha saboda ya dame su, can kuma aka yi dariya.

Na yi masa bayani dalla-dalla, kamar yadda nake yi wa 'yan aji shida. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ya ga tsatsar tun kafin in ganta. Amma ba a taɓa koya masa cewa tsatsa tana sallamar mutum ba.

"Yaya, kai da kake hukunta yaro don ya makara da minti ɗaya, yau kai ne kake ce mini in tsallake tsaga in wuce?"

'Yarsa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin taurin kai irin na gidanmu ba. Ta roƙe shi, ta yi fushi, ta koma mota ta zauna. Ni ma raina ya gama ɓaci. Yaron da aka kasa zaunar da shi a benci, yau ga shi an kasa tayar da shi daga kan katako. Ina kallon gwiwar, ta yi sumul kamar ƙwarya, sai sauran dokar ta faɗo mini a rai.

"Ba ka ce in wani ya karɓe ka za ka iya tashi ba?"

"Hannu da hannu," in ji shi.

"To miƙo."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ni ba ma'aikacin dogo ba ne. Na ce shi ma yanzu ba shi ba ne. Can ya cire tutar, ya danƙa mini, ya sa na maimaita masa cewa ba zan gusa ba. Kanikawa biyu suka kama shi ya miƙe. Takunsa na farko sai da na kawar da kai. Ya bi tsakiyar layin yana ɗingishi, guduma a kafaɗa, 'yarsa tana binsa a mota ta titi a hankali.

Ni kuwa na wuni a kan wata tsohuwar kujerar mota da kanikawa suka ara mini, da lema a hannu ɗaya, tuta a ɗaya. Aka yi yayyafi, aka ɗauke. Mai wanki ta zo ta kwashe kayanta, ta tambaye ni ko ni ne sabon mahaukacin. Na kwana a garejin, gari na wayewa na koma bakin aiki na kafa tutar, domin alkawari na ɗauka.

Da hantsi motar ta dawo. Yana kujerar baya, an naɗe gwiwar da bandeji. Ya isa, da ƙafarsa, jiya kafin rana ta faɗi. Na yi zaton zai ba ni labarin teku. Abin da ya fara cewa shi ne na kafa tutar a gurguwar kusurwa, direba ba zai hango ta da wuri ba. Na haɗiye abin da ya zo bakina, na tambaye shi ƙarfen ƙarshen, ko ya buga.

"Na buga," ya ce, fuskarsa ba walwala. "Shi ma muryarsa a dushe take. Da tutar tana hannuna da har yanzu ina can."

Sai ya fara neman buɗe ƙofa wai zai karɓe ni. 'Yarsa ta fito, ta tumɓuke tutar, ta jefa a but ɗin motar ta kulle. Har muka iso gida bai yi mata magana ba. Ni ma da ya ga na shiga motar ba tare da an karɓe ni ba, sai da ya yi mako bai gaishe ni ba.