Manhajar da Ba Ta da Maigida

Ranar Asabar ce, mako biyu bayan Babbar Sallah, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Mu huɗu ne a ɗakin koyon kwamfuta na ƙungiyar unguwarmu ta Mamobi, a nan Ankara: ni, da shugaban ƙungiyar, wanda wani Alhaji ne mai sayar da tayoyi a Tudu, da ma'aji, sai 'yar ƙanwata wadda sana'arta gyaran kwamfuta. Abin da ya tara mu shi ne a yanke shawara: a bar ɗakin yadda yake, ko a sayar da tsofaffin injinan ga masu sayen tarkacen ƙarfe a ba da ɗakin haya.

Tun da na bar aiki nake koyar da buga rubutu a ɗakin nan. Ni a makarantar mishan na koya, inda harafi ɗaya da ya kauce kan jawo wa mutum rula a bayan yatsu, kuma ban taɓa ganin dalilin sassauta wa kowa ba. Ɗalibaina matan kasuwa ne da samarin da suka bar makaranta. Injinan kuwa sun tsufa. Babbar manhajar da ke tafiyar da su ta yi musu nauyi, har mutum kan kunna ɗaya ya je ya yi alwala ya dawo bai gama farkawa ba.

'Yar ƙanwata ta ce a ba ta ɗan lokaci. Ta zuba wata manhaja dabam a injin da ya fi kowanne lalaci, ta kunna. Kafin Alhaji ya gama gyara zama, allon ya haska. Na matso da tabarau, sai na gane fuskar. Da ita muka yi aiki a wata ƙaramar maɗaba'a shekaru da yawa da suka wuce, kafin kamfanin da ya yi ta ya rushe. Na daɗe da sa ta cikin matattu. Ashe wasu mutane ne a ƙasashe dabam-dabam suka tashe ta, suna gyara ta a lokacin hutunsu, sun kuma bar ƙofarta a buɗe ga duk mai son ɗauka ko gyarawa. Komai na nan inda na san shi, a tsare, babu ado, babu surutu.

Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya juya wajenta. "Hajiya ƙarama, wannan abu, wa ke da shi?"

"Ba na kowa ba ne, Baba Alhaji. Na jama'a ne."

Ma'aji ya yi dariya. "Babban kwalbatin Nima ma na jama'a ne. Je ki leƙa ki ga sharar da ta cika shi."

Na ce masa maƙabartarmu ma ta jama'a ce, kuma masu sa kai ne ke share ta. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ticha, ka san yadda Zango yake. Kakana da ya sauko daga arewa da shanu, ba wanda ya saya a hannunsa sai da maigidansa ya ce ya san shi, ya tsaya masa. In baƙo ya yi ɓarna, ƙofar maigida ake bugawa. Wannan baƙo naka ba shi da maigida. In ka tsaya masa, mun bar ɗakin yadda yake. In ba ka tsaya ba, shi ke nan."

Na ce ba na tsaya wa abin da ban gwada ba, ko da na san shi a da. Aka ba ni zuwa zama na gaba.

Na gwada shi yadda aka gwada ni. Na buga shafi bayan shafi. Na kashe wuta da gangan ina tsakiyar aiki, tunda a Ankara ba a sanar da mutum kafin a ɗauke ta. Na zaunar da wata mai sayar da koko wadda ba ta taɓa gama layi ba tare da ta kira sunan Allah ba, ta kuwa gama shafi guda. Wani saurayi ya yi ƙorafin cewa manhajar ba irin wadda ake gani a ofisoshi ba ce, na ce masa haruffan ba su canza wuri ba, ya zauna ya yi aiki. Duk abin da na nema na samu, sai abu ɗaya. Na'urarmu ta buga takarda ba ta jituwa da ita. Takan buga shafin farko lafiya, ta yanke layin ƙarshe na shafi na biyu.

'Yar ƙanwata ta sanar da masu gyaran. Wani ya amsa cikin ladabi, ya ce sun gane matsalar, za a duba idan an sami mai irin na'urar da kuma sarari. Na tambaye ta yaushe ke nan.

"Kawu, ba ma'aikatanmu ba ne. Ba a ba su wa'adi."

"To wa zan kama?"

"Ba kowa. Haƙuri za ka yi, ko ka koyi gyaran da kanka."

A hanyarmu ta zuwa zama na biyu ta tsayar da ni a bakin lungu. Ta ce, "Kawu, don Allah, in an tambaye ka ka ce ka tsaya kawai. Alhaji bai taɓa buga shafi biyu ba a rayuwarsa." Na ce mata ba a kan abin da Alhaji zai gani nake magana ba.

Bayan an yi addu'a, Alhaji ya dube ni. "Ticha, ka tsaya masa?"

Na ce, "Na tsaya masa a kan komai, ban da buga takarda. Yana yanke layin ƙarshe na shafi na biyu. Za a gyara, amma ban san ranar ba."

Ma'aji ya buga cinya. "Kun ji! Maigidan da kansa ya ce baƙonsa na da hali."

Na yi bayani. Na ce tsohuwar manhajar da suke yaba wa, mai kamfani da ofis, ita ce ta mayar da injinan nan gumaka, kuma babu wanda ya taɓa zuwa daga kamfanin ya ba mu haƙuri. Na ce aibi ɗaya da aka sani ya fi goma da aka ɓoye, kuma kafin a gyara ana iya buga shafi ɗaya-ɗaya. Alhaji ya saurare ni har na gama, domin mutum ne mai ladabi.

"Ticha, ba a tsaya wa baƙo rabi. Ko ka ce naka ne, ko ka ce ba ka san shi ba."

"Nawa ne, kuma yana yanke layi."

Har yau abin da ke ci mini rai shi ne, da na faɗi kalma ɗaya na yi shiru, da sun karɓa da murna. Ba su nemi sanin halin baƙon ba. Wanda za su buga wa ƙofa suke nema, kuma da na nuna musu inda za su buga, sai suka fasa. 'Yar ƙanwata ta yi gaba ta bar ni a baya har muka isa gida.

Gyaran ya zo bayan azumi ya kewayo, daga hannun wani mutum da ban san ƙasarsa ba. Kafin nan an sayar da injinan, kuma ɗakin ya zama shagon sayar da wayoyi.