Ni da Karsanar Malam Buba

Salamu alaikum. Na san an daɗe ba a ji ɗuriyata a nan ba. Masu cewa na tafi Legas da masu cewa na sayar da waya, duk ku huta. Ciwo na yi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sule, ɗan acaɓa ne ni a Rurum, ina kuma taɓa noma.

Abin ya fara da ciwon kai ta ƙeya. In haɗiyi ƙwaya in hau babur, shi ke nan. Wata safiya ina alwala sai buta ta suɓuce daga hannuna na hagu. Na yunƙura zan tashi, ƙafar ma ta ƙi. Matata Rabi ta dube ni ta ce, "Baban Ummi, me ya sami bakinka?"

Ashe ya karkace.

A asibiti a Rano aka auna jinina, aka sake aunawa, aka tura mu Kano. Hoton kai, gwajin jini, gwajin fitsari. Masarar da na ajiye don damina duk a can ta ƙare. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa min ɓarin jiki, amma ya zo da sauƙi.

Wallahi na ji tsoro. Ba mutuwa na fi tsoro ba, zama. Na san mutanen da aka jingine a zaure shekara da shekaru, sai an ɗaga a kwantar.

Mai gashin ƙashi na asibitin bai ɓoye min ba. Ya ce, "Ƙafar nan za ta dawo in kana taka ta kullum. In ka zaunar da ita za ta sandare, kuma ba ni da maganin wannan."

Aka tsara min: magani bayan asuba, a rage gishiri, sai tattaki kowace safiya. Magani da gishiri Rabi ta riƙe, kuma ba ta san alfarma ba. Tattakin ne ya gagara.

Ku da kanku kun san garinmu. Ba a tafiya haka kawai. Ranar farko ko masallacin unguwa ban wuce ba, sai ga Ɗanlami abokin sana'ata ya ci burki.

"Haba Sule! Muna raye kana jan ƙafa a titi? Hau."

"Likita ne ya ce in taka."

"Shi likitan ya san kana da 'yan'uwa? Don girman Allah hau."

Na hau. Ya ce ina za ni. Ba inda za ni, sai na ce gida. Ya mayar da ni inda na fito.

Haka kullum. In ba Ɗanlami ba, wani. In na ƙi, a ce na raina mutane. Wasu suka fara raɗe-raɗin ciwon ya taɓa min kai. Wani dattijo har gida ya je ya yi wa yayana faɗa, wai sun yar da ni.

Sai na daina fita.

Zaman ya ishe ni. In zauna, in tashi, in leƙa zaure, in dawo, in yi wa Rabi faɗa a kan miyar da ba ta da laifi. Duk ƙarar babur da na ji sai gabana ya faɗi. Ƙafar kuma kullum ƙara nauyi take.

Da na koma asibiti, mai gashin ya lanƙwasa gwiwar, ya sake ta, ya ce, "Ba ka tafiya."

Malam Buba, Bafulatanin da rugarsu ke bayan gonarmu, ya zo dubiya. Na zayyana masa komai, ya yi dariya har da riƙe ciki. Washegari sai ga shi da wata jar karsana a igiya.

Ya ce, "Ka riƙa kai min ita bakin rafi da safe. Ba wanda zai ce wa mai jan nagge ya hau babur."

Gaskiyarsa. Ɗanlami ya rage gudu, ya ce, "A'a, an koma kiwo ne? Allah ya sa albarka," ya wuce.

Kuma ita karsana ba ta san uzuri ba. Gari na wayewa za ta fara kuka. Ranar ruwa, ranar ganda, ranar da ƙafar ke zogi, duk ɗaya ne a wurinta. Na zage ta ya fi a ƙirga, amma na fita.

Wata safiya ta hango waken mutane, ta fizge igiya. Ban yi tunanin komai ba sai ɓarnar da za a ce na yi. Na bi ta. Sai da na cafke igiyar ina haki, sannan na gane da gudu na zo. Mummunan gudu ne, amma gudu ne. A nan bakin gonar na tsaya na yi kuka.

Yanzu alhamdu lillahi, bakin ya daidaita, hannun yana riƙe fartanya. Babur dai likita ya ce tukuna, magani kuma ba ranar dainawa.

Na gode wa Allah. Rabi, Allah ya biya ki haƙurin da kika yi da bakina. Malam Buba, Allah ya ƙara yawan garke.

Shawarata, in kanka yana yawan ciwo, je ka a auna jininka, kar ka tsaya ga ƙwayar kanti. In an ba ka magani, kar ka ajiye don ka ji sauƙi.

Dalilin rubutun nan kuwa, yau Malam Buba ya mayar da karsanarsa garke, lokacin barbara ya yi. Tun ɗazu na kasa zama wuri ɗaya. Gobe zan fita ni kaɗai, ba igiya a hannuna, kuma na san halina, in aka haɗa ni da Allah zan hau.

'Yan tasharmu ta acaɓa, na san ƙauna ce. Amma in kun hango ni a hanyar rafi ina tafe a hankali, don Allah kar ku ci burki. Ku ɗaga min hannu ku wuce. Ƙafata nake nema.