Teku Ba Kogin Garinmu Ba Ne

A lokacin da wannan abu ya same ni, ni direban bas ne a Doha, na haura shekara arba'in, karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba. Ɗan masunta ne ni daga wajen Yauri. Na iya tuƙa kwalekwale tun kafin in iya ɗaura wando, kuma ba na son kowa ya koya mini komai a kan ruwa. Ina zaune a unguwar Al Wukair, a gefen birnin, ina aiki da wani ƙaramin kamfani da ke tara yara lokacin dogon hutu, a kai su su ga tsuntsaye da halittun bakin teku. Ba zan kama sunan kowa ba. Ba don sun cancanci rufin asiri ba, sai don yarinyar da ke cikin labarin.

Aikina tuƙi ne kawai. Da zafi ya tsananta, malamar da ke koya wa yaran ta tattara ta koma ƙasarsu, mudir kuma, wato manajanmu, bai ga dalilin ɗauko wata ba. Ya taɓa jina ina gaya wa yara sunayen kifi a mota, sai ya kira ni ya ce daga gobe ni ne malamin. Ya miƙo mini koriyar riga da malafa, ya ce kalas, magana ta ƙare. Ba horo, ba bayani. Ni kuma, maganar Allah, kaina ya kumbura. Direba ya zama malam! Har hoto na ɗauka na tura gida.

Cikin yaran akwai wata 'yar Kano mai kamar shekara bakwai, mahaifinta yana babban karatu a jami'a a nan. Ranar da ya ji ina Hausa ya riƙe hannuna, ya ce hankalinsa ya kwanta tunda ɗan gida ne zai kula da ita. Ita kuwa Kawu take ce mini. Baki gare ta kamar rediyo. Kullum sai ta tsokane ni, wai Turancina duk a karye yake, wai malafata ta fi ƙarfin kaina. Ni kuma in ce mata Hajiya Ƙarama, in ba ta rufe mini baki ba zan ba wa ƙaguwa ita ta yi kalaci.

Wata safiya na kai su arewa da Doha, wajen Al Thakira, inda wasu itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Na tarar ruwa ya janye can nesa, ƙasa a shimfiɗe, ƙananan ƙaguwoyi sai gudu suke a laka. A garinmu in kogi ya janye haka, ya tafi ke nan sai wata daminar, har albasa muke shukawa a inda ya bari. Na sha jin cewa teku yana tafiya ya dawo, amma na ɗauka abu ne da za ka gani da idonka ka taka ka fita. Tsohuwar malamar takan duba wayarta a bakin wurin nan, wani lokaci ta ce yau ba shiga. Ni ina mata dariya a raina, wai lalaci ne. Ban taɓa tambayarta me take dubawa ba. Sai daga baya na san lokacin dawowar ruwan teku take dubawa. Na ce wa yara yalla, mu je, muka nausa.

Ba ta gabanmu ruwan ya zo ba. Ta baya ya zagayo, ta wani kwari da muka tsallake a bushe. Yarinyar ce ta fara gani, ta ja rigata tana dariya, wai hanyarmu ta zama kogi. Na tara su a gindin itace, na ce kowa ya riƙe reshe, na fara ɗauka ina tsallakar da su. Da na zo ɗaukarta ta ce in fara da ƙanana, ai ita Hajiya ce. Na biye mata. Kafin in dawo karo na ƙarshe ruwa ya kai mini ƙirji, laka ta riƙe ƙafafunta, reshen ya suɓuce mata. Ɗankwalinta na fara gani a saman ruwa. Na nutse na tumɓuko ta, na danna ƙirjinta yadda na ga ana yi a gida, har ta amayar da ruwa, amma ba ta buɗe ido ba sai a asibiti.

Ta rayu. Sai dai likitoci sun ce ta daɗe ba numfashi, abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Mudir ya gaya wa 'yan sanda ni direba ne, gaban kaina na yi, bai san da wata koriyar riga ba. Na kwana a tsare. Mahaifinta ne ya je ya ce ya yafe. Da muka fito bai zage ni ba, ni da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi laifinsa ne da bai tambaye ni komai ba don ya ji Hausa a bakina. Sannan ya ce, Malam, da na tambaye ka ko ka san teku, da ka gaya mini gaskiya? Na san a raina da ya tambaya, cewa zan yi, ni da aka haifa a cikin ruwa?

Yanzu baron dako nake turawa a kasuwar Souq Waqif. Na taɓa haɗuwa da ita da mahaifinta a can, tana jan ƙafa, yana riƙe da ita. Ta gane ni. Ta buɗe baki za ta ce Kawu, yarinyar nan mai baki kamar rediyo, muka tsaya ni da ubanta muna jiran kalmar ta fito.

Abin da na koya, mudir mugu ne, amma bai ɗaure ni ya sa mini rigar nan ba. 'Yan'uwana da ke ƙasar mutane, in an miƙo muku aikin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ko da za a kore ku, musamman in ran yara ne. Abin da ka iya a garinku, a garinku ka iya shi. Ku kuma iyaye, jin Hausa a bakin mutum ba shaida ba ce. Ku tambaya, ko zai ji haushi.