Bazarar da na yi dundumi

A shekarar da gardawan Nasara, wato dogaransu, suka kwashi mijina zuwa aikin hanya, ina da ciki wata bakwai. Muna zaune a Dumega, ni da uwarsa, wadda nake kira Inna. Bazara ce mai tsawo. Shanu sun tafi neman ciyawa, ganye ya ƙare a gari, kullum tuwon gero da busasshiyar kuka.

Kowa ya san duhun da ke tarar mutum idan ya fito daga rana ya shiga ɗaki. Sai ka tsaya a bakin ƙofa ka ɗan jira. Da farko ba ka ganin komai, sannan randa ta fito, sannan gado, a ƙarshe har allurar da aka soke a jikin asabari ka gani. Ban taɓa ɗaukar wannan jiran a bakin komai ba. Wata rana na dawo daga rijiya da tsakar rana, na shiga ɗaki da tulu a kai, na tsaya. Na jira har wuyana ya gaji, ɗakin bai fito ba. Da ƙafa na lalubo gindin randa.

Daga nan sai almuru ya zame mini dare. Ina jin ƴan mata suna wasa a dandali, ina jin Inna tana tsince tsakuwa a cikin wake, ni kuwa ko tafin hannuna ba na gani. Ban gaya wa kowa ba. Amarya ce ni, mijina ba ya nan, kuma ina tsoron a ce an kawo musu makauniya. Sai na riƙa gama aikina tun rana na sama. Na haddace taku nawa ne daga murhu zuwa ɗaki, na riƙa ajiye ludayi da muciya wuri ɗaya.

Kwana goma na yi a haka. Ran nan tuwo ya makara, na ɗebo miya na zuba, sai na ji tana zuba a ƙasa. Akushin yana gefe.

Inna ta ce, "Ɗiyata, tun yaushe?"

Na ce, "Tun kafin kasuwar da ta wuce, Inna."

Kafin gari ya waye maƙwabta sun ji. Wata tsohuwa ta ce Doguwa ce ta shafe ni a gindin tsamiyar hanyar rijiya, a kira masu bori. Inna ba ta musa mata ba, ta dai ce a bari tukuna.

Akwai wata Bafillata da ke kawo mana nono da damina. A lokacin ba ta da nonon sayarwa, gaisuwa kawai ta shigo yi. Da ta ji labari, sai ta kama hannuna ta shigar da ni ɗaki, ta saki asabari. Muka zauna a duhu kamar tsawon dakan fura.

Ta ce, "Mi kike gani?"

Na ce, "Hasken ƙofa kaɗai."

"Ni ina ganin kwallar da ke bisa gadonki, har da tsagar murfinta. Da rana fa, a waje?"

"Ras nake gani."

Ta juya wajen Inna ta ce, "Dundumi ne. Matanmu masu ciki suna yin shi idan nono ya ɗauke. Ku nemo mata hanta."

A garinmu ba a yanka sai ranar suna ko salla. Inna tana da zaren da ta kaɗa tun kaka, tana tara shi don a saƙa mata zane. Washegari ta ɗaure shi a ƙwarya, ta taka har kasuwar Tibiri, ta dawo da la'asar da hantar akuya a naɗe cikin ganye. Ta gasa da kanta, ta zauna a gabana har na cinye. Na miƙa mata yanki, ta ce haƙoranta ba su so. Sauran ta shanya, na ci kwana uku.

A yammacin rana ta uku na zauna a bakin ɗaki, ban sa rai da komai ba. Rana ta faɗi, duhun ya zo yadda ya saba. Amma da na ci gaba da zama sai ya fara sakewa. Na ga bakin danga ya rabu da sama. Na ga turmi. Zanen Inna ja ne, amma toka-toka na gan shi, kuma tun daga ranar na lura duhu yakan fara cinye launi kafin ya cinye siffa. Wani ƙaramin tauraro ya fito bisa rumbu. Idan na dube shi kai tsaye sai ya ɓace, idan na ɗan kau da ido gefe sai ya dawo. Na daɗe ina wasa da shi, ni kaɗai, kamar yarinya.

Shekaru da yawa bayan haka wani ma'aikacin asibiti a Dogon Dutsi ya gaya mini akwai abin da ido ke buƙata daga abinci kafin ya iya sabawa da duhu, kuma hanta na da shi da yawa. Na gaskata shi. Sai dai a yammacin nan ban san wannan ba. Na dai ce, "Inna, ga akuyar can ta kwance igiya."

Ta ɗaga kai ta duba, sannan ta dube ni. Ta ce, "To, tashi ki ɗaure ta."