Evariste, Mai Ci Kafin Baƙinsa

Ranar Lahadi, 18 ga watan Mayu, da hantsi, aka bugo waya daga babban asibitin Pointe-à-Pitre, can babban tsibiri, aka ce rai ya yi halinsa. Evariste Maurinier, mai gidan abincin nan na bakin teku a Capesterre, ya riga mu gidan gaskiya yana da shekara sittin da bakwai. Shi ne uban baftismata, shi ne kuma ubangidana a wurin aiki. Labarin ya same ni a kan gadon asibitin tsibirinmu na Marie-Galante, ana yi mini ƙarin ruwa, domin gubar da ta tsayar da zuciyarka, Paren, kamar yadda muke kiran uban baftisma a nan, tana yawo a jinina ni ma. An sallame ni yanzu, amma har yau in na riƙe alƙalami ji nake kamar ƙaya na riƙe.

Ka bar tsibirin nan kana saurayi. Ka yi wanke-wanke a Lyon ta ƙasar Faransa har ka kai ga riƙe tukunya, ka yi kuku a manyan jiragen ruwa, ka zauna a hannun wani tsohon Bajapane ka koyi yankan kifi. Da ka dawo, mutane sun zaci abincin Turawa za ka riƙa tallata mana. Sai ga rogonmu da ayabarmu da kwakwa da attaruhu, amma ka bi da su ta hanyoyin da ka gano a can. Katantanwar teku da iyayenmu ke jibga har hannu ya gaji, kai sai ka bar ta bisa 'yar wuta tun safe, ka kawo ta cikin romon man shanu da lemun tsami tana narkewa a baki. Matarka, Man Leoni, ta ɗanɗana ran farko ta ce, "Daɗi kam akwai. Amma duk yawon duniyar da ka sha, 'yar wannan lomar ka koyo? Ko tsuntsu ba zai ƙoshi ba." Ka yi fushi har yamma, washegari kuma sai ga farantin ya cika, bai sake raguwa ba.

Duk ranar Litinin ba ka karɓar baƙi. Masunta da masu kawo rogo da direbobin amalanken rake su ne ke zama a teburan gaba, bisa fararen zannuwa, su ci abin da masu zuwa daga Paris ke ci. Ba ka taɓa barin a ba su a ƙofar baya ba.

Ni kuwa hancina ka gano. Tun ina makaranta kake kai ni kasuwa, ka sa in rufe ido, ka miƙo mini gwaiba ko citta ko jiƙaƙƙen rake ka ce in faɗa. Daga baya ka tura ni Bordeaux na koyi sha'anin ruwan inabi, na dawo na zama mai zaɓa wa kowane abincinka abokin tafiya. Mun sha musu a kan haka. Kai kana son ja mai kauri da naman akuyarka, ni ina cewa shi da attaruhunmu zakaru biyu ne a akurki ɗaya. Ranar da na kawo maka fari mai ɗan zaƙi ka kurɓa bayan loma, sannan ka ce, "Kada ki faɗa wa Man Leoni kin kayar da ni."

Abu ɗaya ne ba a yin musu da kai a kansa. Kowa a nan ya san ciwon da muke kira ƙaiƙayi. Kifin da ke kiwo a duwatsun ƙarƙashin ruwa yakan tara guba a jikinsa, ba wari, ba launi, wuta ba ta kashe ta, ƙanƙara ma haka. Tsofaffi na cewa a sa cokalin azurfa a gani ko zai yi baƙi, wasu su jefa wa kyanwa. Kai ka ce azurfa ba ta da ciki, kyanwa kuma ba ta yi wa kowa laifi ba. Irin kifayen da hukuma ta hana sayarwa ba su taɓa shiga kicin ɗinka ba. Sauran kuwa, in kifi ya cika girma, sai ka yanki kansa ka dafa ka ci da kanka, ka kwana lafiya, sannan ka yarda a kai wa baƙo. Shekara da shekaru kana haka, har muka daina ganin abin a matsayin kasada. Mun mai da shi al'adar tsoho.

Ranar Juma'ar da ta gabaci rasuwarka, Amede masunci, abokinka tun kuna yawo ba takalmi, ya shigo da safe da wani jan kifi a kafaɗa. Washegari za a ɗaura auren 'yarsa Josiane, kai kuma ka ce girkin bikin gudummawarka ce.

"Ga shi nan, kompe, aminina," in ji shi. "In ka lalata mini shi da miyar Turawanka, ni da kai ne."

"Kai dai je ka yi wanka," ka ce. "Uban amarya yana ƙarnin kifi, ina angon zai tsaya?"

Ya fita yana dariya, ya waiwayo ya ce biyu ya kamo a wuri ɗaya, ɗayan ya aika gidan biki don matan da ke aiki su samu na yamma.

Da rana ka dafa kan kifin, ka ci faranti guda. Ni cokali ɗaya na ɗiba na romon, don in san ruwan inabin da zai dace da shi.

Wajen ƙarfe huɗu ina jera kwalabe a cikin ƙanƙara, sai na ji ƙanƙarar ta ƙone ni kamar garwashi. Na cire hannu na duba, ba komai. Leɓena kuma kamar tururuwa na bi. Na shiga kicin na same ka zaune bisa akwati, gumi ya jiƙa rigarka, kana danna haƙoranka da yatsa.

"Odile, haƙoranki na girgiɗi?"

"A'a, Paren. Leɓena ne."

"To, shi ne."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na san abin yana cikina, ba kuma yadda za a fitar da shi. Amma kai hankalinka ba a kanmu yake ba. Ka ce, "Kifi na biyu." Na kira wayar Man Leoni, wadda ke can gidan bikin tare da mata, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira amarya, na kira duk wadda na sani, kiɗa da hayaniya sun hana kowa ji. Amede kuma ya koma teku. Motarmu ɗaya ce.

"Mu fara kai ka asibiti," na ce.

"Asibiti na hagu, gidan biki na dama. Ni cikina ne kawai ke murɗa. Can akwai tsofaffi, akwai masu juna biyu. Tafi, zan kira motar asibiti da kaina."

Ban san yadda na kai ba. Hannuwana ba sa jin sitiyari, hanya kuma cike da amalanken shanu ɗauke da rake, suna tafiya kamar ba su da wurin zuwa. Ina danna ham ina lissafin waɗanda ke gidan, ina ganin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Da na shiga tsakar gidan, an riga an sauke tukunya, an jera kwanoni, kakar amarya ta miƙo nata. Na buɗe baki harshena ya ƙi juyawa. Sai kawai na sa ƙafa na hamɓare tukunyar.

Mata suka taso mini. Wata ta ce, "Ke Odile, kayan sayarwar taki kika fara shanyewa?" Man Leoni kuwa ta matso kusa da ni. Ta kalli yadda nake sosa hannu, ta kalli kifin a ƙasa, ta ce, "Wa ya ɗanɗana gishiri?" Can sai wata mai goyo ta ɗaga hannu a hankali, ta ce bakin harshe kawai ta sa. Sannan Man Leoni ta juyo gare ni ta ce, "Ina Evariste?"

Da muka dawo mun tarar da motar asibiti a ƙofa. Daga baya muka gane ba ka kira su nan take ba. Sai da ka ja babban kifin nan zuwa bayan gida, ka tuttule masa kalanzir don kada wani mai wucewa ya ga nama mai kyau ya ɗauka. A nan aka same ka kwance. Suna ɗora ka a gado, mai duba bugun zuciyarka na ta kallon abokin aikinsa, ka buɗe ido ka gan ni.

"Sun ci?"

"Ba su ci ba, Paren."

"To, gobe a yanka akuya. Kada a ɗaga auren yarinya. Ki ba su farin nan naki."

Maganarka ta ƙarshe da ni ke nan. Kafin faɗuwar rana jirgi mai saukar ungulu ya tsallaka da kai babban tsibiri. An ɗaura auren ranar Asabar kamar yadda ka ce, an ci akuya, ba wanda ya taka rawa. Likitoci sun ce ba kasafai ƙaiƙayi ke kisa ba, amma zuciyarka dama ta gaji, gubar kuma ta yi ta rage mata gudu har ta tsaya.

Tun daga ranar tsoro ya zauna a garin nan. Kifin ba ya cikin waɗanda aka hana, kuma a wurin da aka kamo shi mahaifin Amede ya yi kamun kifi har ya tsufa, ba a taɓa jin komai ba. To yanzu ina ne wurin aminci? Masunta na dawowa da rana su baje kamunsu, mata su tsaya su duba, su wuce wurin mai kaji. Mai goyon nan ta yi kwanaki tana susa, ta yaye ɗanta ba shiri. Uwa takan ga yaro na sosa hannu saboda sauro, ta ɗauke shi a guje sai asibiti. Mu mutanen teku ne, ba mu san wani abinci da ya fi kifi ba, ga shi muna kallonsa kamar baƙon da ba a san abin da ke aljihunsa ba.

Amede bai sake tura jirginsa ruwa ba. Ranar jana'izarka ya tsaya a bayan katangar maƙabarta da hula a hannu, ya kasa shigowa. An fara raɗe-raɗi. Man Leoni ta bar layin masu makoki ta fita ta kamo hannunsa, kowa na ji ta ce, "Shigo ka ɗauki abokinka. Teku ce ta yi, ba kai ba. In ka tsaya a nan, gobe za a ce kai ne." Ya shigo ya sa kafaɗa, yana kuka kamar yaro. Na san da kana gani, da ka ce masa ya share hanci kada ya ɓata maka akwati.

Nawa tsoron kuma ina ɗauke da shi ni kaɗai. Likita ya hana ni kifi da ruwan inabi na tsawon watanni, ya ce ko kurɓi ɗaya na iya tayar da ciwon. Ruwan sha ma ɗanɗanon ƙarfe yake yi mini. Na tambaye shi ko harshena zai dawo yadda yake, ya ce yawanci yakan dawo. Wannan "yawanci" ita ke hana ni sakewa. Shekaranjiya na buɗe kwalba don in shinshina kawai, na tsaya ina jira in ji gwaiba ko citta, ban ji komai ba sai tsami. Ban san wata sana'a ba, Paren, sai wadda ka ɗora ni a kai.

Man Leoni ta ce za a buɗe gidan bayan kwana arba'in. Ta ce daga yanzu sai kifin tsakiyar teku, wanda ba ya kusantar duwatsu, kuma ba wanda zai sake ci don wani. Na yarda da ita. Amma na san ranar da zan ajiye faranti a gaban mutum, in ga ya ɗaga cokali, gabana zai faɗi, domin a da in na ajiye, na san ka riga ka ci.

Allah Ya jiƙanka, Evariste, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya karɓe ka da rahamar da ta fi wadda ka nuna wa bayinSa. Ya sa wahalar kwanakin nan biyu ta zama ƙarshen wahalarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Man Leoni, da 'ya'yanka Thierry da Nadege, da jikokinka, da ma'aikatan kicin da ka bari ba su san inda za su sa hannu ba. Ina yi wa Amede ta'aziyya, Allah Ya sanyaya masa zuciya Ya mai da shi kan teku lafiya. Ina yi wa Josiane da mijinta, Allah Ya sa kada su riƙa tuna ranar aurensu da baƙin ciki kaɗai. Allah Ya tsare masu shiga teku da masu cin abin da ta bayar, Ya cire mana wannan fargaba.

Duk waɗanda ke tsakar gidan nan ranar Juma'a suna raye, Paren, har da kakar amarya da sandarta, kuma dukansu sun zo sun raka ka. Allah Ya ba ka hutu. Amin.