Bidin da Aka Bar Mani

Shekarar da Nasara suka kwashi maza aikin tilas na hanya, ina da shekara biyu da aure, a wani ƙauye kusa da Yekuwa. Maigidana ba mai hali ba ne, amma yana da doki, bidi, wanda ya rena tun yana duƙushi. Ranar da gardi, wato dogarin Nasara, ya zo tafiya da su har da maigidana, a barga muka yi sallama. Ya shafi wuyan dokin, ya ce mani, "Ga shi nan, ki kula da shi."

Gida ya rage daga ni sai surukina, tsoho wanda ba ya gani. Da can tsoron dokin nake ji. Dole ta sa na koyi yanko masa ciyawa, da dama masa dusa da kanwa, da share ƙarƙashinsa. Kafin wata biyu ya san tafiyata. In na taso daga rijiya, tun ban shigo ba yake haniniya. Har hira nake yi masa, irin wadda kunya ba ta bari in yi da kowa.

Ana tsakiyar damina, wata safiya na tarar bai taɓa ciyawarsa ba. Kansa a ƙasa, saman idanunsa ya kumbura. Na riƙo hannun surukina na kawo shi. Ya lalubi fuskar dokin, ya kara kunne a haƙarƙarinsa, ya jima yana saurare.

Na ce, "Baba, mene ne?"

Ya ce, "Ciwon damina ne, ƴar nan. Ya shiga huhu."

"Me za a ba shi?"

"Wanda ya san maganin yana can wurin aikin hanya tare da mijinki."

Duk abin da matan unguwa suka faɗa na gwada: jiƙon sabara, tafarnuwa, hayaƙin tsumma. Bai haɗiyi komi ba. Da na ji an ce akwai mai duba dawaki a barikin Magariya, sai na kama hanya a ƙasa. Gardin da ke bakin ƙofa bai yi mani tsawa ba, ya dai ce dawakin kumandan, Baturen mulki, kaɗai ake dubawa. Na roƙe shi a kai wa maigidana saƙo. Ya ce, "Ko ya ji, wa zai sake shi?" Na kwana gidan innata, da safe na juyo hannu sake.

Na tarar dokin kwance, kumfa na fita ta hancinsa, surukina na zaune gefensa yana kore masa ƙuda da reshe. Na zauna na ɗora kansa bisa cinyata. Nauyi gare shi ƙwarai. Bayan azahar numfashin ya tsaya.

Babu maza masu ƙarfi a garin. Mu mata da tsofaffi muka ɗaura masa igiya, da taimakon takarkarin maƙwabta muka ja shi bayan gari.

Maigidana ya dawo bayan girbi, ya rame, hannuwansa duk sun tsage. Ashe ya ji labari tun a hanya. Ya tsaya a barga, ya tambaye ni, "Ya jima yana wahala?"

Na ce, "Kwana uku."

"Kina wurin?"

"Ina wurin."

Ya gyaɗa kai, ya ce in kai masa ruwan wanka. Ba mu sake ɗaure doki ba. Da damina ta zagayo, kuɓewa na shuka a bargar.