Badaru Tsakanin Ta Ƙarfe da Ta Roba

Badaru ya haura shekara talatin sanye da kakin ɗan sanda, kuma ban taɓa jin ko akuya ta tsorata da shi ba. Tare muka tashi a Haɗejiya. Ni na gaji dukanci a wurin mahaifina, shi kuwa ya tarar nasa mahaifin ya sayar da ragowar shanunsu ya dawo gari, babu abin kiwo sai kaji, don haka ya tafi aikin ɗan sanda. Na san abin da yake so a duniya, domin ya faɗa mini har na gaji da ji. So yake kafin ya yi ritaya, ko sau ɗaya ne, ya isa wuri mutane su miƙe tsaye, bakin kowa ya mutu. Kwarjini yake nema. Allah kuwa ya ba shi kumatu, ya ba shi tumbi, ya kuma ba shi irin fuskar da in ya ɗaure ta sai ka ɗauka atishawa ce take shirin zuwar masa.

Yawancin aikinsa a ƙauyukan fadama ya yi shi, daga wajen Kirikasamma har bayan Baturiya. Rigimar can ba ta da yawan kala. Ko shanu sun shiga shinkafa, ko wani ya datse ruwa ya hana na ƙasa da shi, ko an kwashe wa wani kifi daga raga. Amma ƙaramar rigimar fadama tana iya kwantar da mutum a asibiti kafin la'asar, saboda kowa da sandarsa yake zuwa.

Yadda Badaru ke kashe irin wannan wuta ba a makaranta ya koyo ba. Shi Bafulatani ne, garuruwan nan kuwa da yawansu na Barebari da Mangawa ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakaninsu da Fulani tun kaka da kakanni, kowane ɓangare na cewa ɗayan bawansa ne. Akwai wani tsoho, Bulama Adam, mai garin wani ƙauye a tsallaken ruwa, wanda ya fi kowa iya shege a wannan fanni. Da ya hango Badaru ya sauko daga kwalekwale sai ya ɗaga murya ya ce a kawo tsintsiya, ga bawansa gwamnati ta dawo masa da shi, har ta ɗinka masa riga. Badaru ya rama, ya ce shi ya zo ƙirga bayin ubansa ne, ya ji an ce tsohon cikinsu ya fara ruɗewa. Sai wuri ya ɗauki dariya. Manomin da aka ci wa gona da makiyayin da ya ci, duk da sandunan a hannu, sai ka ga haƙora sun fito. A shimfiɗa tabarma, a kawo gasasshen tarwaɗa, a yi wa Badaru gori cewa Bafulatani bai san ta inda ake fara cin kifi ba. Kafin a wanke hannu gaskiya ta fito daga bakin mai ita, an yanka abin da za a biya na ɓarna, an yi addu'a.

Manyansa a ofis suna kiran wannan ƙwarewa. Shi Badaru raini yake kiransa. In ya dawo sai ya zube a bencin ƙofar shagona yana huci, wai shi hukuma ce sukutum amma a gaban mata da yara aka ce ya je ya share garken awaki. In ce masa ai an sasanta, babu wanda ya zubar da jini. Ya ce ni ban san ciwon kaki ba.

Ana saura 'yan shekaru ya ajiye aiki aka maƙala masa anini a kafaɗa. Da ƙarin girman sai aka ce ya je ɗakin makamai ya karɓi fistol, domin yanzu ya wuce saɓa doguwar bindiga. Saje Shu'ibu, mai kula da ɗakin, ya ɗora masa guda biyu a kan tebur. Dukansu cikakku ne, ba irin 'yan ƙananan nan da ake sokewa a aljihu ba, kuma kowace in ka ja kunama ta fitar da harsashi ɗaya, da kanta take ɗora na biye. Ɗaya ƙarfe ce tun daga baki har mariƙi, tana da nauyi, tana sheƙi. Ɗayar baƙa ce wuluk, mariƙinta da rabin jikinta wata irin roba ce mai tauri, ba nauyi, kuma gidan harsashinta ya ɗan fi ɗaukar kaya. Saje ya ce ya ɗauki ɗaya ya sa hannu.

Wani da tuni ya ɗauka ya tafi cin abinci. Badaru ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Wanda bai san shi ba zai ce hankali ne. Mutumin nan hula ba ya saya sai ya zagaya da ita unguwa. Yarinyar da ya fara nema yana cikin shawara a kanta aka kawo masa goron ɗaurin aurenta, har ya je, har ya ci shinkafa.

Nan da nan majalisar ƙofar shagona ta rabu biyu, 'yan ƙarfe da 'yan roba. Mutanen da ban da danƙon harbin tsuntsu ba su taɓa riƙe wani makami ba, kowa ya zama malamin bindiga. Yunusa mai gyaran injin ban-ruwa shi ya ja 'yan ƙarfe. Ya ce shi ya san zafin bazarar Haɗejiya, ya ga abin da yake yi wa bokiti, ranar da Badaru zai zaro ta roba zai tarar ta lanƙwashe tana kallonsa. 'Yan roba suka ce ƙarfe da laimar fadama ba sa shiri, tsatsa za ta cinye ta kafin kaka, in kuma kwalekwale ya kife da tumbin nan da ƙarfen nan to sai dai a nemo shi a Nguru. Aka yi ta yi har wasu suka daina ba juna goro. Ni abin da ya ƙona mini rai shi ne masu kawo ɗinkin takalmi ba sa samun wurin zama.

Matarsa Ummussalma ba ta ja zancen ba. Ta tambaya wacce ta fi rashin nauyi, aka gaya mata, ta ce ita ce, tunda ita ke shafa masa man zafi a ƙugu. Ya ce mata ba su san sha'anin tsaro ba.

Ni kuma aka ɗora mini ɗinkin kube. Ya zo da kwali biyu da ya yanka daidai girman kowace, ya ce in fara shiri ta kowane ɓangare. Sannan ya ari gudumata ya soke a bel, wai yana gwada nauyin ta ƙarfe ya ga ko zai iya alwala da ruku'u da ita. Ya tsuguna lafiya. Da ya miƙe, shi ya tashi, wando ya zauna. Liman na wucewa a lokacin, ya kau da kai ya ƙara sauri.

Da Saje Shu'ibu ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ya kai shi filin gwajin harbi ya ce ya harba kowace ya ji a hannunsa. Badaru da kansa ya ba ni labari, kuma bai ɓoye ba. Ta roba ta zauna masa a tafin hannu kamar don shi aka ƙera ta, duk abin da ya harba ya sami allo. Ta ƙarfe kuwa mariƙinta ya yi wa gajerun yatsunsa kauri, sai ya miƙa ɗan'ali da ƙyar kafin ya kai ga kunama, harsasan suka yi ta tayar da ƙasa can gefe inda ba wanda ya aike su. Saje ya ce to magana ta ƙare. Badaru ya juya su, ya ja da baya ya hango su daga nesa, sannan ya yi tambayar da tun farko ita ce a ransa.

"Saje, in mutum yana tsallaken ruwa, wacce zai fara gani a ƙuguna?"

Saje ya ce ta ƙarfe mana, ita da ke ɗaukar ido in rana ta doke ta. Badaru ya sa hannu a kan ta ƙarfe.

Na ɗinka masa kube da baƙar fatar bijimi, ɗinki biyu-biyu. Na so in yi masa marfi, ya hana. Ya ce in rage bakin sosai yadda mariƙin zai fito fili. Na rage, ya ce in ƙara ragewa. Na ce to ko in rataya masa ita a wuya ne kowa ya huta.

Da kaka ta yi, shinkafa ta sunkuya, aka aiko cewa shanu sun shiga gona a garin Bulama Adam, har an fara taruwa. Na bi Badaru don akwai mai fatun awaki da nake saye a wurinsa a can, kuma ba zan yi ƙarya ba, ina son in ga yadda kubena zai yi a idon mutane. Mai kwalekwalen da ya saba yi masa tsiya cewa sai ya biya kuɗin mutum biyu, ranar ko tari bai yi ba. Ya riƙa tura gora cikin ciyawar kacalla idonsa na kan ruwa. Ashe labari ya riga mu. Mutumin da ya yi shawara da rabin Haɗejiya, ai ranar kasuwa kaɗai ta isa ta kai zancen kowane lungu na fadama.

Muka taka tudu, rana ta doki mariƙin nan. Taron da ke ƙarƙashin tsamiya ya miƙe gaba ɗaya. Hayaniyar da muke jiyowa tun daga ruwa ta ɗauke ɗif. Wani ya ruga ya ɗauko kujerar hedimasta daga makaranta ya kakkaɓe ta da hularsa. Badaru ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya gwargwadon yadda tumbi ya yarda, ya waiwayo ya dube ni. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan lokacin ba, kuma wallahi na taya shi. Shekara talatin ba wasa ba ce.

Ya yi gyaran murya ya ce mai gona ya matso. Mai gona ya matso, ya durƙusa, ya ce shi dai ya wayi gari ya ga ɓarna, bai ga saniya ba, mai yiwuwa ma tsuntsaye ne. Tsuntsayen da suka bar kashin shanu, in ji ni a raina. Makiyayi ya ce shi shanunsa tun shekaranjiya ba su sha ruwa a wannan gefen ba. Shaidu suka ce su suna masallaci. Kowa "ranka ya daɗe", kowa kansa a ƙasa, amma na lura babu wanda ya ajiye sandarsa, kuma 'yan'uwan mai gona sun koma gefe guda suna kallon 'yan'uwan makiyayi ta wutsiyar ido. Jira kawai suke mu shiga kwalekwale.

Badaru ya gane haka, don wauta ce ke damunsa, ba rashin sanin aiki ba. Ya sauke ƙafa. Ya sake tambaya da taushi, aka sake ba shi amsa ɗaya. Aka kawo abinci a rufe cikin kwanon baƙi, da cokali, aka ajiye masa shi kaɗai a kan ɗan tebur, kowa ya ja baya. Bai buɗe ba. Na ga yana jan gefen rigarsa yana son ya rufe mariƙin, rigar da tun asali da ƙyar take rufe cibiya. Cire ta kuma ba dama, doka ba ta yarda ya miƙa wa kowa ajiya ba, ko ni.

Sai ya yi ƙarfin hali ya ɗaga murya, yana 'yar dariya, ya ce ina tsohon Babarbaren nan bawan ubansa, ko ya ɓuya ne don ya ji ubangidansa ya iso. Ba wanda ya yi dariya. Taro ya dare, Bulama Adam ya fito yana dogara sanda, mutumin da ya girmi uban Badaru. Tun daga nesa ya tuɓe takalmansa. Ya zo gaban kujera, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya lallaɓa ya tsuguna, gwiwoyinsa na ƙara, ya yi wa Badaru barka da zuwa irin wadda ake yi wa baƙon da ba a san abin da ya zo da shi ba.

Badaru ya zamo daga kujera ya tsuguna shi ma. Ƙarfen ya soke shi a ciki har ya runtse ido, amma bai tashi ba. Ya matsa kusa da tsohon, ya rage murya yadda sai ni da ke bayansa na ji.

"Baba Bulama, don Allah ka zage ni."

Tsohon ya dubi fuskarsa, ya dubi ƙugunsa, ya mai da ido ƙasa.

"Wane ni, ranka ya daɗe."